Rigar Habu Ƙyaure

Kakata ba ta iya ba da labari a zaune ba. Sauran tsofaffin unguwarmu Nuzla sukan miƙe ƙafa a tabarma, jikoki su kewaye su, a fara a gama kowa yana inda yake. Ita kuwa Hajja Dije da zama take farawa, amma kafin a je ko'ina ta miƙe, matankaɗi a hannu, ta je bakin katangar saman gida ta leƙa ƙasa, ta dawo ta juya kasko, ta sake komawa. Mu ma haka muka saba, muna sauraro muna bin ta da wuya. Har yau idan mutum ya zauna daram yana ba ni labari, sai in ji kamar ƙarya yake shirya mini.

Sana'arta gyaɗa ce. Da an sallame magariba take haurawa saman gidan da muke haya, ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora kasko da yashi, ta soya wadda za ta fita da ita bakin masallaci washegari. Aikinmu ni da ƙanwata Zainabu shi ne murje ɓawo da ƙullawa a leda. Ba son aiki ne yake kai mu ba. Ɗakunanmu a irin wannan lokacin kamar cikin tukunya suke, gumin Jidda ya manne wa mutum riga a baya, a sama kuwa akan ɗan samu iska daga wajen teku. Ga kuma gyaɗar da ke ɓacewa tsakanin faranti da leda, wadda Kaka take gani sarai, sai dai ta harare ni ta ce, "Maigida, kai dai ba ka cefane, sai cin jari."

Idan wuta ta kama sosai sai ta ce, "To, ga ta nan, da zafinta."

Mu ce, "Yalla ya Sitti, ta zo mu ji ta."

"Sitti tana gidan Larabawa. Ni Kaka ce. Ku gyara bakinku ko in fasa."

Ba ta taɓa fasawa ba. Ta san tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa, amma ta ce ɓata yawu ne a yi su ga yaran da ko akuya ba su taɓa ganin tana kiwo ba. Labarinta ɗaya ne, na Filin Gishiri, kuma filin yana nan ƙarƙashin katangar da take leƙawa. A zamaninmu wurin ajiye manyan motoci ne, an kewaye shi da kwano, ba abin da ke tasowa daga cikinsa sai warin baƙin mai da ashar ɗin direbobi. Mu abin da muke gani ke nan. Ita kuwa sai ta nuna wata tirela da matankaɗi ta ce, "Nan ragar gabas take," kamar tirelar ce ta zo ta tsaya mata a inda bai kamata ba.

Ta ce kafin a haife mu fili ne fetal, ƙasarsa tana fitar da fari-fari idan an yi ruwa ta bushe, shi ya sa ake ce masa Gishiri. Tsofaffin tayoyi aka binne rabi-rabi suka zama iyaka. Wani mai gyaran famfo ya haɗa turakun raga da bututun ruwa, aka rataya musu tsohuwar komar masunta, wadda har ta ruɓe ba ta daina ƙarnin kifi ba. Ƙungiyar ƙwallon unguwa kuma ita ce 'Yan Gishiri: masu wankin mota, leburorin gini, teloli, masu dako a kasuwar kayan miya. Mako guda suna yi wa wasu aiki ana kiransu da "kai, yaro," ranar Juma'a bayan la'asar kaɗai suke da suna. A ranar unguwa takan koma filin kakaf, har mai shayi ya ɗauko teburinsa a ka.

Maza ne a ƙasa. Mata ba sa shiga, don haka saman gidanmu ya zama nasu. Kaka ta ce sukan cika shi har ana tsoron kada ya rufta, masu goyo, masu tsifar kai, masu tsintar shinkafa a tire. "Rabinsu ba su san ina ake ci ba," in ji ta, "in sun ji na yi guɗa su yi. Ni kuwa na fi alƙalin wasan sanin doka. Shi yana ƙasa yana haki, ni ina sama ina ganin komai." Ta ce akwai ranar da ta kira sunan alƙalin daga sama ta tambaye shi ko ya bar idonsa a gida ne, fili duka ya fashe da dariya, mutumin bai sake sayen gyaɗarta ba har ya bar Jidda.

Yawancin 'yan wasan ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Wasu da umara suka shigo suka zauna, wasu a nan aka haife su ba takarda. Saboda haka ƙungiya ce da ba a sanin adadinta sai an taru. Wannan Juma'a mutum yana nan, ta gaba a ce jawazat, jami'an shige da fice, sun ɗauke shi a bakin aiki, yana gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, yana jiran jirgi. To sai 'Yan Gishiri suka kafa wa kansu al'ada. Duk wanda aka kama, za a kai rigar wasansa wurin Hajja Dije ta kafe ta a katanga tana kallon fili. Muddin rigar tana nan, ba wanda zai tsaya a gurbinsa, haka za a buga da giɓi. Sai ranar da saƙo ya zo cewa ya sauka gida lafiya, ko ta bakin wani alhaji, ko a kaset, ko a kira waya shagon Bayamane na bakin titi. A ranar Kaka za ta cire rigar ta jefo ta ƙasa kafin a take wasa, a yi kabbara, sabon yaro ya sa.

"Sau da yawa na jefa," in ji ta. "Ta Ɗan Maraɗi na jefa, ya dawo bayan shekara ya ce a ba shi abarsa. Ta Sale Tela na jefa. Ba a daɗewa. Mutum ya sauka, ya sha ruwan garinsu, ya aiko."

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa lokacin da ake kafa al'adar shi ne gola. A buga ba ɗan gaba ɗaya, ko ba ɗan tsakiya, wannan wahala ce kawai. Ba wanda ya tsaya ya ce, to in mai tsaron raga aka ɗauka fa? Mai tsaron ragar kuwa ɗanta ne, ƙanin mahaifiyata, Kawu Habu, wanda ake kira Habu Ƙyaure don in ya rufe ba a shiga. Mu ba mu taɓa ganinsa ba sai a hoto ɗaya, dogo, siriri, yana dariya da wushirya. A kasuwar kayan miya aka kama shi da buhun albasa a kafaɗa. Aka kawo mata rigarsa, baƙa mai dogon hannu, ta kafe ta da hannunta.

Matsalar Habu ita ce a Nuzla aka haife shi. Sauran idan an sauke su gida aka kai su. Shi kuwa ƙasar da aka kai shi a bakin uwarsa kawai ya san ta. Ba wanda zai tarbe shi, ba wanda zai gan shi a kasuwa ya ce ai ga ɗan wance. Makonni suka wuce shiru. Alhazai suka zo suka tafi, Kaka tana bin masaukansu da tiren gyaɗa tana tambaya, ba wanda ya ga dogon yaro mai wushirya da Hausarsa ke karkata wajen Larabci.

Ana cikin haka sai samarin unguwar Sa'alaba suka rasa nasu filin, aka gina sito a kai. Suka zo suna neman a raba Gishiri. Raba sauran ranaku ba wuya, amma Juma'a bayan la'asar ɗaya ce, kuma ita ce kaɗai lokacin da ma'aikaci ke da kansa. Aka yi ta cacar baki har aka kusa dambe, dattawa suka shiga suka yanke: a buga wasa ɗaya, wanda ya ci ya ɗauki Juma'a.

Idan Kaka ta zo nan takan sauya murya ta yi irin ta Musa Direba, kyaftin ɗin 'Yan Gishiri, wanda ya hauro har sama da mutum biyu a bayansa.

"Hajja, mun zo ne da kunya."

"Ku ajiye ta a ƙofa ku ƙaraso."

"Wallah ba don kanmu ba ne. In Juma'a ta tafi, halas, ƙungiya ta mutu. Akwai yaro ɗan Agadas, yana da hannu. Aro kawai, wasa ɗaya."

"Kun ji ya sauka?"

"Ba mu ji ba, Hajja."

"Kun ji ya mutu?"

"Subhanallahi, Hajja."

"To da wane hannu zan jefa ta?"

Ta ce daga nan Musa ya ce Allah ya ba da haƙuri, suka sauka. Suna iya sa wa yaron wata riga daban su tsayar da shi, ba wanda zai kai su ƙara. Amma su suka kafa abin da bakinsu, kuma kowannensu ya san gobe tasa rigar ce za ta iya hawa katangar.

Ranar wasan ta ce ba ta taɓa ganin jama'a haka ba, har kan motoci da kan katangun mutane. Samarin Sa'alaba kuwa ba su zo jin tausayi ba, kuma Kaka ba ta taɓa ganin laifinsu ba, ta ce wanda ya rasa filinsa ba ka tambayarsa kara. Wani dogon Bacadi a cikinsu ya ɗaga kai ya ga raga a buɗe, tun daga tsakiyar fili ya sako ƙwallo. Ba ma da ƙarfi ba. Ta yi ta gangarowa a hankali a kan gishirin nan, 'yan baya suna binta a guje, mata a sama suna kaɗa mata mayafi ko za ta kauce. Ba ta kauce ba. Daga nan Ɗan Maraɗi ya koma ya tsaya a bakin raga, hannuwansa a baya don doka ba ta ba shi damar taɓawa ba, yana tarewa da ƙirji da goshi da duk abin da Allah ya ba shi. Kafin hutun rabin lokaci leɓensa ya kumbura, an kuma zura musu wasu.

Da aka busa hutu, fili ya yi tsit. Ba wanda ya kira sunanta, amma duk kan da ke wurin ya ɗago sama. Matan da ke bayanta wasu suna cewa, "Jefa, Hajja, don Allah jefa, ai ba kashe shi kika yi ba," wasu suna kuka. Ta ce ba ta san lokacin da ta cire rigar daga ƙusa ba. Ta dai ga hannunta a miƙe a kan katanga, rigar tana lilo, yaron Agadas har ya fara matsowa ƙasa yana ware hannu.

Sai Musa Direba ya dube ta. Ta ce kallo ɗaya ya yi mata, ya juya mata baya, ya tafa hannu ya ce, "Yalla, a koma wasa!" Ɗan Maraɗi ya juya. Ƙanin Sale Tela ya juya. Ɗaya bayan ɗaya suka ba ta baya suka shiga fili, don kada ta ga fuskar da za ta jefa wa. Aka bar ta da hannu a miƙe har kafaɗarta ta sage.

A daidai nan kullum Kaka tana bakin katanga, matankaɗi a miƙe a kan tirelolin mutane, ta manta da mu. Sai Zainabu ta yi ihu, "Kaka, gyaɗa!" ta dawo a guje tana salati. Rabin gyaɗar da muka ci a yarinta ƙonanniya ce.

An cinye su, ba sai an faɗa ba. Juma'a ta koma hannun Sa'alaba, aka bar wa 'Yan Gishiri tsakar ranar Asabar, lokacin da kowa ke bakin aiki kuma ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Suka gwada 'yan makonni suka watse. Akwai matan da suka daina gaishe da Kaka a hanya saboda mazansu sun rasa abin da suke jira duk mako. Bayan wasu shekaru mai filin ya tuna da shi ya kewaye, Sa'alaba ma suka rasa. Rigar kuwa ta mayar da ita ƙusa a daren, ba ta sake saukewa ba, rana da iskar teku suka cinye ta zare-zare. A zamaninmu ƙusoshi biyu ne suka rage.

Ni labarin nan haushi yake ba ni ina yaro. Ina son a ci, ina son yaron Agadas ya tashi sama ya cafke ƙwallo. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Da kin jefa da mun ci."

"Mun?" in ji ta. "Kai a lokacin uwarka ko sunan ubanka ba ta sani ba. Murje gyaɗa."

Zainabu kuma damuwarta ɗaya, ba a rufe labarin yadda ake rufe tatsuniya. "Kaka, ba ki ce ƙurunƙus ba."

"Abin da bai ƙare ba? Ku sauka, an kira isha."

Ta rasu ina saurayi, na fara aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Har ciwon ajalinta, in ta ji an ce wani ya zo daga gida sai ta aika a tambaye shi. Bayan wasu shekaru rusau ya biyo ta unguwarmu, muka kwashe muka koma unguwar Aziziyya. Na je wurin sau ɗaya daga baya. Ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya kai, na kasa gane ina gidanmu yake, ina filin yake, wani mai gadi ya zo ya ce in yi gaba.

Watsewar ce ta sa tsofaffin masu kallon 'Yan Gishiri suka buɗe zaure a waya. Wasu suna Jidda, wasu Kano, wasu Damagaram, duk sun tsufa, aikinsu aika murya suna musu a kan wa ya ci wace ƙwallo. Na shiga don in riƙa kunna wa mahaifiyata. Wata rana ina hutun azahar a shago, na ji ana gardama a kan ko ragar gabas ta fi ta yamma faɗi. Sai wata murya da ban sani ba, ta tsoho, Hausarta tana karkata wajen Larabci, ta ce, "Ta gabas ta fi da taki ɗaya. Ni na tsaya a cikinta." Wani ya ce wane ne wannan? Sai muryar ta dawo: "Habu ne."

Nan take na nemi lambar na kira. Yana wani gari a bayan Funtuwa, yana facin taya, da 'ya'ya har da jikoki. Rasuwar Kaka ya riga ya ji a bakin 'yan zauren. Na yi niyyar in gaishe shi da ladabi, kawuna ne, amma abin da ya fito daga bakina daban.

"Kawu, kaset ɗaya. Kalma ɗaya a bakin alhaji. Me ya hana?"

Ina jin injin iska yana bugawa a bayansa.

"Ya waladi, ai ka san al'adar," ya ce. "In na aiko na sauka, za a jefa rigata a sa wani. Na ce bari in daure zuwa aikin hajji, in lallaɓo in dawo in tarar da gurbina. Hajji ta zo ban samu hanya ba. Na ce baɗi. Na riƙa guje wa duk wanda na ji zai tafi Makka, kada ya kai labarina. Da baɗi ta yi yawa kuma, sai kunya ta karɓi aikin." Ya yi tari. "Wa suka sa a bayana?"

"Ba su sa kowa ba."

"Ban gane ba."

"Ba ta jefa ba, Kawu. Haka suka buga da raga a buɗe, har Juma'a ta tafi."

Ya ce wani ya kawo taya, zai kira ni. Sai bayan kwanaki ya kira, kuma da mahaifiyata ya nemi magana.

Na daɗe ina juya abin nan, har yanzu bai kwanta mini ba. Ina yaro na ɗauka Kaka ta yi taurin kai ta jawo wa unguwa asara. Da na girma na ga yadda ake ɗauke mutum da safe a maye gurbinsa kafin azahar, sai na koma ganin ba abin da ya fi abin da ta yi kyau, ita da mutanen da suka juya mata baya. Yanzu kuma na san abin da aka yi don kada a manta da shi, shi ne ya rufe masa baki har uwarsa ta mutu tana tambayar baƙi. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma ban san wanda zan kai wa ƙarar ba.

Ni ina da iƙama, amma a hannun kafili take, ubangidan da ya tsaya mini, shi kuwa yau yana dariya gobe ba ya ɗaukar waya. Shi ya sa kwanan baya na zaunar da ɗana Usmanu, wanda yake jin Hausa fiye da yadda yake mayarwa. Na ce masa, "Ranar da ka ga ban dawo ba, kada wanda ya ajiye mini komai. Shagon a ba wani, wurin kwanana ƙaninka ya hau. Ni kuma duk inda aka sauke ni, wayar farko da na gani zan kira ku, ko ba ni da takalmi a ƙafa."

Ya saurare ni har na gama, yana murza wayarsa a hannu. Sannan ya ce, "Halas ya Baba. Amma in ba ka kira ba fa? Mu ba da, ko mu jira?"